Ranar da Majid Ya Tashi Sama

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, a hutun zafi na shekarar da na gama aji huɗu, Kawu Idi ya shigo gidanmu na unguwar Karantina, a birnin bakin teku da ke kusa da Makka, da kwali a kafaɗa, gumi ya jiƙe masa riga har gadon baya. Direba ne a wani gida a unguwar Abhur, kuma duk abin da matar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ta ce a zubar, wurinmu yake ƙarewa. Wannan karon kaset-kaset ne na bidiyo. Mu ba mu da na'urar kallo, sai Ammu Salim, mai gidan da muke haya, wanda ke zaune a saman bene. Ni da ƙanena Usman muka zaɓi wani kaset mai hoton ƙato cikin jajayen kaya muka hau sama. Majid, ɗan mai gidan, wanda sa'ana ne, ya buɗe mana ƙofa, yaran layi suka biyo mu, muka cika kafet a gaban talabijin muna shan sanyin na'urar sanyaya ɗaki.

Kawu ya ce fim ɗin Italiya ne. Jarumin wani mai gashin baki ne, tumbinsa na neman fasa matsattsun kayansa, ga mayafi a baya kamar an yanko daga labule. Mu muka sa masa suna Mai Tumbi. Idan ya tashi sama, ƙiri-ƙiri ake ganin igiyar da ke ɗauke da shi. Idan ya kai naushi, hannunsa bai iso ba mugun ya riga ya faɗi. Bakinsa ya gama motsi, muryar tana nan tana magana. Mota guda ce ke ƙonewa a farkon fim da ƙarshensa, har lambarta ba su sauya ba. Duk mun ga wannan, kuma shi ne daɗin abin. Mun yi dariya har Usman ya riƙe ciki. A unguwar da babba ke sauya hanya in ya hango motar 'yan sanda, ganin wani sakarai yana jefa masu kaki cikin kwandon tumatir ba ƙaramin abu ba ne. Kuma jarumi ne da kowa zai iya zama, in dai akwai tsohon zane a gida.

Sai aka zo wurin da jirginsa ya faɗi a wani daji, wai Afirka. Wasu Turawa suka fito an shafe su da baƙin fenti, wuyansu ma fentin bai kai ba, ganye a ƙugu, ƙashi a hanci, suna tsalle suna kewaya tukunya suna ihun "wugu-wugu". Majid ya tsayar da kaset ɗin, ya juyo ya nuna Usman, wanda ya fi mu duhun fata. "Shuf, ya shabab! Ku duba, samari, ga danginsu!" Ɗakin ya ɗauki dariya, har da yaran da launinsu bai fi namu haske ba.

Sunan ya bi Usman. In ya je sayo gurasar tamis da dafaffen waken ful da safe, Wugu. In muna layin jarka a bayan tankar ruwa, Wugu. Yaron da ba a raba shi da ƙwallo ya daina fita, ya koma zama gefen Ummi yana ɓare mata gyaɗar da take soyawa ta sayar a bakin titi. Wata rana ta same shi a banɗaki da soson ƙarfe na wanke tukunya, yana dirzar hannunsa har fata ta saɓule. Bai yi kuka ba, tambayarta kawai ya yi ko baƙin zai fita. Da na ce sai na fasa wa Majid baki, Baba ya kama kunnena. "Iƙamarmu ta mutu, ka sani, ba mu da takardar zama a ƙasar nan. Hannunka ya taɓa yaron nan, mu ne a jirgin korarru." Na ce to. Amma tun daga ranar ban ƙara kwanciya ban yi tunanin Majid ba.

Shi kuwa fim ɗin ya shiga kansa. An ɗinka masa jajayen kaya da mayafi, yana dirowa daga kan kabad zuwa katifa. Na haɗiye abin da ke raina na zama babban abokinsa. Ni ke ɗaura masa mayafi, ni ke faɗuwa in ya kai naushi, in ya kira ƙanena da sunan nan a gabana in yi murmushi. Da na ga ya sake da ni, sai na ce masa ai tashi sama ba wuya, shi ma ya ga igiyar a fim. A rufin gidan akwai wata taya ta ƙarfe da igiya da muke jawo jarkokin ruwa da ita. Muka fara gwadawa a tsakar gida, in ɗaga shi kaɗan in sauke shi a hankali kamar ƙwai. Da bakinsa ya ce yana so duk layin su gani.

A bakin ƙofar gidan akwai wani rami da ruwan masai ke taruwa in rijiyarsa ta cika, baƙi ƙirin, mai kauri, ko akuya kewaye shi take yi. Ranar da muka sa, bayan an taso daga makarantar allo, yara suka cika layin. Na ɗaura wa Majid igiya a ɗamara na hau rufi, ya fito ta tagar bene ya miƙe hannu ɗaya gaba, na riƙa sassauta masa yana lilo, ana tafi ana fito. Gaskiya ya yi kyau. Da ya zo daidai saman ramin, sai na tsaya. Na kira Usman, wanda na ɓoye a bayan tankin ruwa, na damƙa masa igiyar. Ya dube ni, ya leƙa ƙasa, ya buɗe hannunsa.

Nisan ba shi da yawa, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma da ya miƙe, babu ja ko ɗigo a jikinsa, idanu kawai ake gani da haƙora, mayafin ya naɗe masa wuya. Usman ya leƙo daga rufi, da 'yar muryarsa ya ce, "Ya Majid, wane ne Wugu yanzu?" Ihun da ya tashi har mai gasa tamis sai da ya fito daga shagonsa.

Ammu Salim bai kai ƙararmu ko'ina ba, kunya ta hana shi, amma ya ce kafin wata ya ƙare mu bar masa gidansa. Baba ya zane ni da igiyar fanka har ya gaji, muka kwashe kaya a kan kura zuwa wani ɗaki mai yoyo a can ƙarshen unguwa. Ummi kuwa, ranar da muka tare, ni ta ɗora wa kan kifi a faranti. Washegari Usman ya fita ƙwallo. Ko yau aka ba ni igiyar nan, abin da zan yi ke nan.

Yanzu ina zaune a unguwar Kurayyat da iyalina. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, kuma kowa da wayarsa yake kallon jarumansa shi kaɗai, jarumai masu ƙyalli waɗanda ba ka ganin yadda aka yi, ba kuma mai yi musu dariya. Da aka rushe Karantina na je na tsaya a filin, na kasa gane inda layinmu yake, balle ƙofar da muke zama mu ci gyaɗa muna jiran iskar teku. Mutanen sun watse, wasu Makka, wasu Sudan, wasu Kano. Unguwar ta tafi, fushina ma ya tsufa, amma dai bai mutu ba.