Ranar da Satibaldi Ya Ƙi Busawa

A ƙauyukan da ke kewaye da garin Narin, duk mai biki da ke son baƙinsa su koma gida da ransu, Satibaldi yake nema ya tuƙa su. Dalili ɗaya ne: bai taɓa ɗanɗana giya ba. Kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya fara sanar da kai cewa yau shekara arba'in da uku ke nan yana riƙe da rantsuwarsa, sannan ya duba agogo.

Rantsuwar tana da tushe. Mahaifinsa Orozo makiyayi ne mai fara'a da daɗin murya, amma kwalba ta fi ƙarfinsa. Wani hunturu aka tsinci gawarsa da safe cikin ƙanƙara, taku ɗari tsakaninsa da ƙofar gidansa. Satibaldi yana da shekara goma sha biyar a lokacin. Ana dawowa daga maƙabarta ya durƙusa gaban mahaifiyarsa Ayimkan, ya rantse giya ba za ta taɓa shiga bakinsa ba. Ita dai ta miƙa masa kwanon kimiz ya jiƙa maƙoshi.

Kimiz kuwa nonon goɗiya ne da ya yi tsami a salka, ana ta buga shi da muciya. Mu ba mu taɓa saka shi a layin giya ba. Abinci ne, magani ne, ana ba mai tari, ana ba tsoho. Idan mutum ya sha kwano huɗu ya ɓarke da waƙa, sai mu ce iskar dutse ce ta buge shi.

Sana'ar Satibaldi ta lokacin zafi ita ce kai fulawa da gishiri da tukwanen gas ga makiyayan da suka hau dutse da dabbobinsu. Tanti goma sha ɗaya ne a hanyarsa, kuma a kowanne sai matar gida ta fito da kwanon kimiz. Baƙo ba ya mayar da kwano. Idan ka sha na wannan ka tsallake na waccan, ka ƙulla gabar da sai jikokinku sun gada. Saboda haka Satibaldi yakan sha duka, don zaman lafiyar jama'a. Tanti na ƙarshe na Inna Ayimkan ne, wadda ta haura tamanin amma har yanzu ita ke buga salkarta. Nata yakan kwana uku, kuma shi ne ya fi kowanne kai saƙo.

Wata Talata da azahar yana gangarowa cikin tsohuwar motarsa, yana rera waƙar da mahaifinsa ke yi, sai ya tarar da 'yan sandan hanya a bakin gada. Wanda ya ɗaga masa hannu Talant ne, ɗan abokin karatunsa.

"Sannu da hanya, Kawu. Tun daga kwanar can nake jin muryarka."

"Iskar dutse ce, ɗana. Ya babanka da ƙafa?"

"Da sauƙi. Ita ma motar iskar dutsen ce ta sa take tafiya a hannun da ba nata ba?"

"Rami nake kaucewa."

"Bara aka gyara hanyar nan, Kawu."

Talant ya zaro wata 'yar na'ura mai bututu, irin mai auna giya a numfashi, ya ce a daure a busa. Makon da ya wuce wannan na'urar ta kama maƙwabcinsa Kubat, wanda ya yi ta rantsuwa cewa kimiz kawai ya sha. Satibaldi ne kan gaba wajen ƙaryata shi a shagon shayi, har da buga tebur. Yanzu ga kwano goma sha ɗaya suna kai-kawo a cikinsa, kuma a karon farko a rayuwarsa ya ji yana zargin ko Kubat gaskiya ya faɗa.

"Ni ba na sa baki a abin da kowane mashayi ya tsotsa," in ji shi.

Talant ya ɓare sabon bututu daga leda.

"Ƙirjina ba shi da ƙarfi. Likita ya hana ni busa komai."

"Kai da muryarka ta riga motarka isowa?"

Kafin nan motoci uku sun tsaya, ba don an tsayar da su ba. Wata mai sayar da soyayyen kifi ta bar kaskonta ta matso. Satibaldi mai rantsuwa a hannun 'yan sanda ba abin da ake wucewa ba ne.

Sai ya fito daga mota, ya gyara zaman doguwar farar hularsa, ya ce shi zai kawo shaidar da ta fi ta na'ura. Duk ɗan halak a ƙasar nan ya san sunayen iyayensa maza bakwai, kuma mai maye ba ya iya jero su. Shi zai jero nasa daga sama zuwa ƙasa.

"Kalmat ya haifi Esen. Esen ya haifi Bektur. Bektur ya haifi Moldo. Moldo ya haifi Esen."

"Ka riga ka haifi Esen, Kawu."

"Biyu ne! An yi masa takwara."

Wannan ma gaskiya ce, amma jama'a sun riga sun kwashe da dariya. Ya daure ya ci gaba, Esen ya haifi Asan, Asan ya haifi Orozo. Yana ambaton Orozo ya tsaya. Dariyar jama'a ma ta ɗauke, don kowa a wurin ya san yadda aka tsinci Orozo.

Talant ya ja shi bayan mota, ya sassauta murya.

"Kawu, ka ji yadda abin yake. Ƙin busawa da a kama ka duk hukunci ɗaya ne, shekara guda ba tuƙi. Ka busa kawai. Wataƙila ma ba ta nuna komai ba, ka tafi abinka."

"In ba ta nuna komai ba, me ta gaya mini da ban sani ba? In kuma ta nuna fa?"

"Sai mu ce kimiz ne. Kowa ya san kimiz ne."

"Ita ba za ta ce kimiz ba. Giya za ta ce. Ka san hannun da ya ba ni kwanon ƙarshe yau? Shi ya ba ni na farko, ranar da muka binne Baba."

Talant dai ba zai bar shi ya koma kan sitiyari ba, kuma a nan yaron ya yi daidai, duk da na daɗe ina jin haushinsa. Ya ɗauko takarda. Satibaldi ya sa hannu a inda aka rubuta ya ƙi gwaji, ya miƙa lasisinsa kamar mai ba da kyauta, aka nemo wani ya tuƙa motar zuwa gida.

Matarsa Burul ta saurari labarin tana murza taliya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Wato an ƙwace maka lasisi saboda giyar da ba ka sha ba."

"Na'urar dai ba ta ce na sha ba."

"Ai ba ka bar ta ta yi magana ba, maigida. Haka kake yi mini shekara talatin."

Kubat kuwa sai da ya yi mako yana zuwa gaishe shi safe da yamma, yana tambayarsa ya ƙirjin.

Talatar da ta biyo baya Satibaldi ya ari doki da amalanke. Tafiyar awa biyu ta koma ta wuni guda. Labari ya riga shi hawa dutsen, saboda haka a kowane tanti sai da aka tsokane shi kafin a ba shi kwano, shi kuma ya shanye yana zagin wanda ya ƙirƙiro na'ura. Da la'asar ya isa tanti na ƙarshe.

Inna Ayimkan ba ta tsokane shi ba. Ta karɓi gishirinta, ta zaunar da shi, ta daɗe tana kallon salkar.

"An ce ka ƙi busa abin nan nasu."

"Na ƙi, Inna."

"Don me?"

"Bututun ne ba shi da tsabta."

Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Ta ɗauko kwanonsa, ta tsoma ludayi, ta fara zubawa. Da ya kai rabi sai hannunta ya tsaya, abin da bai taɓa gani ba a shekara arba'in da uku. Tausayinta ya kama shi.

Ya miƙa hannu biyu ya tallafi kwanon.

"Cika shi, Inna," in ji shi. "Doki ne zai kai ni gida."