Farantin Dama

Shekara talatin da ɗaya babana ya yi yana hura gilashi a sashen sinadarai na jami'a. Ɗakin aikinsa yana ƙasan bene, kusa da inda ake jera tukwanen gas, kuma kowa Mai Gilashi yake ce masa, har Mama idan ranta ya ɓaci. Zai kara bututun gilashi a wuta har ya yi laushi, ya hura, ya lanƙwasa, ya fitar wa malamai duk na'urar da suka zana masa a takarda. Yatsunsa sun ƙone sun warke sun sake ƙonewa, har ya zamana yana sauke tukunya daga wuta babu tsumma.

Dokarsa ɗaya ce. Gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido, don haka farantai biyu na ƙarfe gare shi a kan tebur: na hagu na abin da ya fito daga wuta, na dama na abin da ya huce. Daga mai shara har shugaban sashe babu wanda bai san wannan ba.

A sashen akwai wani farfesa da ake kira Aradu, a bayan idonsa mana. Gwani ne a kan tace gurɓataccen ruwa, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya mari masinja don shayi ya huce. Ya jefi ɗalibi da kwalba. Ya taɓa karya wa direbansa haƙori a gaban mutane, aka yi kamar ba a gani ba, saboda da sunansa sashen yake tinƙaho.

Ina shekara tara abin ya faru. Aradu ya faɗo ɗakin babana yana zage-zage, wai an ɓata masa lokaci, ya fizgi na'urar tace ruwan da aka haɗa masa. Gilashin ya kama fatar tafinsa, ƙauri ya cika ɗakin. Bai yar ba. Ɗagawa ya yi ya sauke ta a fuskar babana, ta tarwatse. Babana ya faɗi, ya bi shi da shuri a haƙarƙari har sai da mutum uku suka rirriƙe shi. Ɓarɓashin gilashi goma sha huɗu likita ya zare, idon hagu kuma ya tafi ke nan. Kwamiti ya zauna ya rubuta cewa hatsarin aiki ne, wai farfesa cikin gaggawa ya ɗauka daga farantin hagu. Bayan wata biyu babana ya koma ɗakin nan ya sake hura masa na'urar da ido ɗaya. Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani, kuma haƙurin babana ma haushi yake ba ni.

Ikon Allah, ni ma sinadarai na karanta, kuma abin da ya shiga raina shi ne tace ruwa. Da na zo neman digiri na biyu, shafi na huɗu na fom ya ce in ambaci malami ɗaya a sashen wanda bincikensa ya ja hankalina, in bayyana dalili a kalma ɗari biyar. Wanda ka ambata, a hannunsa za ka zauna shekara biyu. Akwai wata farfesa mai kirki da take bincike a kan fenti. Na zauna in rubuta a kanta, na yi layi uku na tsaya, don ƙarya nake shararawa. Ruwa kuwa, a kaf sashen mutum ɗaya ne. Ranar Juma'a da tsakar rana ake rufe fom.

Na rubuta a kan Aradu, na buga a takarda don in gyara. Laraba da la'asar yayana ya dawo daga gareji ya tarar da ita a kan tebur. Shi ne ya riƙe wa babana kwano a asibiti ranar nan, jini yana ɗiga a ciki.

"Auta, mene ne wannan?" ya ce. "'Bincikensa ya burge ni'? Wanda ya tsiyayar wa ubanki ido ne ya burge ki?"

"Yaya, ajiye mini takardata."

Ya yayyaga ta ya watsa mini a fuska. Ya sunkuci kwamfutata ya maka ta da bango. Na yi kansa, ya ɗauke ni da marin da sai da kunnena ya daina ji. Ban san lokacin da na rarumi kujerar tsugunno na kwaɗa masa a goshi ba. Jini ya ɓalle masa har cikin ido, ya damƙi wuyana ya haɗa ni da ƙofa. Mama tana ihu tana dukan bayansa da ludayi, ko gezau.

Sai ga hannun babana a kan nasa. Mutumin da ban taɓa ganin ya daki ko kyanwa ba, ya murɗe hannun Yaya har na ji ƙas, ya wurgar da shi kan kwanuka.

"A gidana?" ya ce. "A gidana za a fasa wa wani fuska?"

Babana ya juya. Ya durƙusa ya tattara yagaggun takardun, ya jera su a tebur, ya karkata kai yana karantawa da idon da ya rage.

"Nan kin yi kuskure," ya ce. "Lanƙwasa uku ce a na'urar, ba huɗu ba. A zanensa biyu ya sa, ruwan yana komawa baya. Ni na ƙara ta ukun."

"Baba, za ka bar ta ta yabi wannan azzalumin?" in ji Yaya, yana danne goshi da rigarsa.

Babana ya zauna. Ya dubi yatsunsa.

"Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana marina ina cewa yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ana gobe abin zai faru ya mare ni a gaban ɗalibai mata har hulata ta faɗi, ya taka ta. Da safe na ji takunsa a kan bene. Na'urar ba ta daɗe da fitowa daga wuta ba." Ya ɗago ya dube mu. "Bai taɓa farantin hagu ba. Ya san doka. Ni na ajiye ta a dama."

Mama ta saki ludayin.

"Ya sani, na sani. Da ya faɗa wa kwamiti, da an kore ni, da babu wanda ya yi karatu a cikinku. Bai faɗa ba, ni ma ban kai ƙara ba. Ban yafe masa ba, shi ma bai yafe mini ba. Amma wannan tsakanina da shi ne, ba gadonku ba ne." Ya turo mini takardun. "Mugu ne, kuma ya san ruwa. In ruwan kike so, ki rubuta gaskiya."

Na sake rubutawa a kwamfutar maƙwabciya, wuyana da shatin yatsu. Na gyara huɗu zuwa uku, na kuma faɗi wanda ya ƙara ta ukun, da cewa babana ne.

Ranar ganawa da masu neman shiga, Aradu yana zaune a tsakiyar malamai, ya tsufa, ya rame. Da hagu yake juya takardata. Hannun damansa yana kan tebur, tafin a buɗe, fatar ta tattare tana sheƙi. Ya kai layin ƙarshe ya tsaya.

"Yana nan da rai?"

"Yana nan."

"Kin san ni?"

"Na san ka sarai. Kuma ni ba a marina."

Sauran malaman suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya sa hannu a takardar, da hagu, rubutun a karkace.

Na dawo gida na tarar da babana a bakin ƙofa. Bai tambaye ni ko an ɗauke ni ba.

"Hannun nasa yana rufuwa?" ya ce.

"Ba ya rufuwa, Baba."

Na zaci zai yi murmushi. Sai na ga ya sa tafi ya rufe idon da ya rage, kafaɗunsa suna rawa.