Fatar Wuyan Raƙumi a Ƙarƙashin Motata

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. In yana da magana da ni, sai ya dubi bango ko ya dubi mahaifiyata ya ce, "A gaya ma wancan." Baduku ne, sananne a Agadas, duk mai raƙumin da ke son sirdinsa ya yi kyau ƙofarmu yake nufa. Ni kuwa na raina wuƙa da basilla, na tafi na koyi tuƙi. Bai ce mini ci kanka ba, kuma wannan shirun ya fi mini duka zafi.

A shekarun farko na 'yancin kai na sami wata tsohuwar mota daga cikin waɗanda sojan Faransa suka bari. Kullum da safe ina bin hanyar garake, wato lambuna, ta bakin ƙoramar Telwa, in kwaso albasa da tumatir da masu su, in kawo kasuwa. Hanyar gargada ce zalla. Ba a daɗe ba motar ta fara ƙara daga ƙasa, tana kuma karkata duk inda ta ga dama kamar jakin da ya gaji.

Makanisen unguwar Dagmanet, mai gyaran motocinmu, ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana karkaɗe hannu. Ya nuna mini lam, falle-fallen ƙarfen da mota ke zaune a kansu, ya nuna idon da ƙusa ke ratsawa a bakin kowanne. A cikin idon akwai zoben danƙo mai riƙe ƙusar, su suna ce masa silanbulok. Nawa duk sun zama gari.

"Sofer, zaɓi biyu gare ka," in ji shi. "Ko ka aje mota a aiko da sababbi daga Damagaram, wata guda ko biyu, Allah masani. Ko ka kai ma tsohonka shi yanko maka na fatar raƙumi. In ƙara maka falle guda a lam, ta daina wannan rawa."

Ajiye mota wata biyu ba zance ba ne. Amma roƙon Baba ma dutse ne a kaina. Na ajiye ruɓaɓɓen zoben a bakin tabarmar aikinsa na wuce. Bayan kwana uku na tarar da sababbi a wurin, an yanke su daga busasshiyar fatar wuyan raƙumi, masu tauri kamar itace, ba wanda ya fi wani ko da gashi guda. Ina kwashewa ya ce da bango, "A gaya ma mai mota, fata ba ta shiri da ruwa. Shi cire su kahin damana."

Na ji sarai, na kuma gane. Kada wani ya yi mini uzuri.

Motar ta miƙe tamkar sabuwa. Bolan, wato sitiyari, ya daina fizgar hannuna, ƙarar ta ɗauke, sauran masu mota suna tambaya ina na sami irin wannan kaya. Zobban danƙo na gaske suka iso daga Damagaram da bazara, makanise ya aiko mini har sau biyu. Na ce gobe. A Agadas wa ke gaggawa don ruwa? Sai a shekara ba a ga abin kirki ba. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: daɗi nake ji aikin hannun Baba ne ke ɗauke da ni kullum. Shi kuwa ya riga ya faɗi tasa sau ɗaya, kunya ba za ta bar shi ya maimaita wa ɗan fari ba.

Wata safiya hadari ya yi baƙi can bisa duwatsun arewa. Na fito na tarar da Baba zaune a gaban motar, shi da bai taɓa shigarta ba. Bai dube ni ba, ban tambaye shi ba. Muka tafi.

A garin ko ɗigo ba a yi ba, amma ruwan duwatsu ya sauko ya cika ƙorama. Na kutsa, muka kafe a tsakiya, ruwa har cikin mota. Sai da rana ta yi tsaka masu garake suka tura mu waje. Na ɗora buhunan albasa muka juyo.

A gangaren kusa da gari ne fatar da ta sha ruwa ta yi laushi ta zame daga idon lam. Ƙafar gaba ta goce, bolan ya juya a banza, motar ta kwanta a gefen da Baba yake. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Hannunsa na dama ne ya shiga tsakanin ƙofa da dutse. A gidan likita suka yanke yatsu uku, sauran biyun ba su sake lanƙwasa ba.

Kafin a sallame shi zance ya gama gari, wai tsohon baduku ya yi wa mota aikin raƙumi ya kusa kashe ɗansa. Dukawa 'yan'uwansa suka zo dubiya, makanise ma ya zo, ina tsaye a bakin ƙofa. Wani dattijo daga cikinsu ya ce, "Kai da ka tsufa cikin fata, ba ka gaya ma yaron ba ta son ruwa ba?"

Makanise ya ɗago ya dube ni. Kalma ɗaya ce ta rage gare ni, in ce ya gaya mini.

Baba ya riga ni. "Mantuwa na yi," ya ce. "Laihina ne."

Suka girgiza kai, suka yi masa addu'a, suka fita ɗaya bayan ɗaya ta gabana, kowa yana dafa kafaɗata yana mini barka da arziki. Na amsa musu duka. Baba ya yi shekara tara bayan haka yana zaune a ƙofar gida ba aiki, ana nuna shi ana ba da labarin mantuwarsa, ni kuma ban gyara zancen ba har aka binne shi.