Ragon da Inna Ta Ɗaure

Ranar da zan tafi Turai karatu, Inna ta ɗaure ɗan rago a gidanmu na Bungudu. Ta ce ba za a yanka shi ba sai na samo abin da na tafi nema.

Abin da nake nema kuwa ido ba ya ganinsa. A ɗakin bincike, ni da abokan aikina muna ɗaukar wata siririyar waya da gashin kai ya fi ta kauri nesa ba kusa ba, mu lulluɓe ta da alminiyam, mu sa a wani firji mai sanyin da alminiyam ɗin zai bar lantarki ya gudana ba cikas. Lissafi ya ce in aka ƙara maganaɗisu, ƙwayar lantarki za ta zama kamar ta rabe biyu, rabi a kowane bakin wayar. Alamarta ɗan tudu ne a tsakiyar zanen da kwamfuta ke fitarwa.

Masifar ita ce, datti a cikin wayar ma yana yin irin wannan tudu sak. Ni kuma ga ɗoki. Da na ga tudu sai in kira gida.

"Inna, kamar alamar ta fito."

"To, a kira mahauci?"

"A dakata tukuna."

Bayan wasu makonni na gwaji, sai in sake kira in ce datti ne. Mun yi haka har mahaucin ya daina amsa aiken Inna. Rago ya ci dusa ya ƙoshi, ya yi ƙaho, ya fara tsufa. Ni ma na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Daga ƙarshe na tattaro na dawo Gusau koyarwa. Yanzu da alli nake zana wa ɗalibai tudun nan, a ajin da ko fanka ba ta juyawa. Kunya ta hana ni zuwa Bungudu sai da ƙanwata ta matsa.

Ina shiga, Inna ta ce a yanka rago.

"Inna, ban fa samo abin da na tafi nema ba."

"Kai ka san abin da kaka biɗa. Ni nawa ya iso gida."

Naman ya yi tauri ƙwarai. Na tauna har muƙamuƙina ya yi tsami. Da na ɗago, sai na ga romo kawai Inna ke kurɓa. Haƙoran da za ta ci naman da su sun zube tun ina can ina kallon kwamfuta.