Akwati na Bakwai

Shekara talatin da huɗu yayana ya yi yana gyaran talabijin a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Mai Talabijin kowa ke ce masa, har matarsa. Mutum ne mai shegen tara tarkace. Duk akwatin da aka kawo gyara mai shi bai dawo ba, Yaya ba ya sayarwa, ba ya yarwa, sai ya ɗora shi kan ɗan'uwansa, har suka kusa taɓo silin. Na sha yi masa tsiya a kai, ko a jikinsa.

Bara ya fara neman sukudireba alhali tana hannunsa. Daga nan ya ɓata a hanyar shagonsa. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce mantuwar ƙaruwa za ta yi ta yi.

Bayan sati guda ya kira ni shagon. Na tarar ya fitar da teburinsa waje, ya jera akwatuna bakwai sun yi zobe, fuskokinsu na kallon juna.

"Auta, kowane akwati wuri ɗaya," in ji shi. "Wuraren da na tashi. Mu je mu ɗauko su a bidiyo, ina magana a kai. Mutum ya zauna a tsakiya su kewaye shi."

"Wa zai zo kallon wannan shirmen?"

"Ni mana. In na manta."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafawa: famfon layinmu, ƙofar makaranta, shagon aski, bayan tashar mota, gadar da yake tsoro, filin ƙwallo. Da ya zo na bakwai sai ya janye hannu. "Wannan ɗakin Inna ne."

Inna ta rasu ranar da ta haife ni, Yaya yana da shekara bakwai. Ba ta bar hoto ba. Baba bai taɓa yi mana zancenta ba har ya bi ta, danginta kuma sun ƙare. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san fuskar uwata, kuma shekara hamsin ina tambayarsa yana ce min wata rana.

Yana da doka guda. Ya yanko katako daidai tsayin ɗan shekara bakwai, ya ce kyamara ba za ta wuce nan ba, don daga nan ya ga duniya. Ni ce mai riƙewa. Ni da gwiwoyina masu ƙara, a tsugune bakin titi, mutane na tambaya ko lafiya. Na yi mita har na gaji.

Amma da muka dawo muka kunna na famfo, sai na daina mita. Daga ƙasan nan ba ka ganin fuskar kowa. Ƙafafu ne ke wucewa, da hannuwa, da gefen riga. Inda famfo yake a da, yanzu shagon tayoyi ne. Muryar Yaya na lissafa bokitan da ke layi, na wane a gaba, na wance mai yoyo, duk mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ina kallon tayoyi, wallahi kunnena na jin zubar ruwa.

Na ce mu tsallake mu yi na bakwai tun da sauran lokaci. Ya ƙi.

"A bi layi, Auta."

"Wane layi? Kanka jiranka zai yi?"

"Ban shirya ba."

Na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce rowar uwata yake min. Ya ci gaba da goge gilashin akwatin da gefen rigarsa.

Wata huɗu muka kwashe. A gada, takarda ya riƙe yana karantawa. A filin ƙwallo jimla biyu ya iya yi, ya tambaye ni me muka zo yi.

Gidanmu na da ya zama maɗaba'a. Mai wurin ya yi mana kirki, ya kashe injinsa da tsakar rana ya nuna mana ɗakin. An cika shi da ɗaurin takardu, sai warin tawada. Tagar ce kawai ba a taɓa ba. Yaya ya karɓi kyamarar daga hannuna, ya je kusurwa ya tsuguna, ya jingina da bango. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Ya kunna. Ya saita ta wajen ƙofar.

"Yaya, faɗa min. Doguwa ce? Fara ce? Yaya take dariya?"

Idonsa na yawo a kan takardun, ba abin da yake ganewa. Na san mun makara. Na dafa ƙofar ina kuka irin na tsofaffi, marar sauti, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina.

Sai ya ɗago kai daga can ƙasa ya dube ni. Fuskarsa ta saki gaba ɗaya, yadda ban taɓa gani ba.

"Inna," ya ce. "Kin dawo? An ce ba za ki dawo ba."

Na buɗe baki in gyara masa, na kasa.

"Na dawo," na ce.

Ɗan Yaya ne ya haɗa wayoyin. Akwatuna bakwai ɗin na nan a shagon suna aiki, Yaya na zama a tsakiya, ba ya tambayar komai. A na bakwai babu abin da ya fito sai bakin ƙofa da wata mata a tsaye, kyamara ta yanke ta daga wuya. Duk ranar da na je ina tsayawa in kalli hannuwanta a kan ƙofar, da yadda ta karkata kafaɗa. Nawa ne, na sani. Duk da haka nakan gaishe ta kafin in zauna.