Shafin Ƙarshe na Mujallar Raɓa

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Tijjani makwancinsa a Birnin Kudu, kuma shekara bakwai ke nan ina buga 'yar mujallarsa da shafi ɗaya fari fat a bayanta. Duk shekara idan lokacin rasuwarsa ya zagayo, nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana tun lokacin bai zagayo ba shirun ya ƙi yiwuwa. Tsoro nake ji, ni kuwa duk wanda ya taɓa shiga mota da ni ya sani, idan na tsorata surutu nake yi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Tijjani malamin gona ne, kuma abokina tun muna firamare a Gwaram. Shi ya zauna gida yana zaga ƙauyuka a kan tsohon babur, yana duba gonakin mutane. Ni na kama yawon duniya da sunan sayar da kayan injin ban ruwa: Legas, Kwatano, Kumasi, Agadas, duk inda aka ce akwai hanya. Wata dawowa da na yi, na same shi a ƙofar gida ya manna rediyo a kunne. An yi bayani ne a kan wani irin waƙe na mutanen Japan da suke kira haiku, layi uku kacal.

Ya ce, "Lawan, ashe akwai ƙasar da ake gama waƙa kafin shayi ya huce. Kai ka fi kowa buƙatar wannan magani."

Daga nan aka haifi Raɓa. Mujalla ce da ba ta fi tafin hannu ba, don ta shiga aljihun riga. Tana fitowa sau huɗu a shekara: bazara, damina, kaka, rani. A shagon fotokwafi ake buga ta, sannan a kai wa Baba Audu, wani tela a Dingaya, ya bi tsakiyarta da keken ɗinki. Malam bai matsa wa kowa da ƙirga gaɓoɓi ba. Dokarsa dai layi uku, numfashi ɗaya, kuma abin da idonka ya gani a yanayin da ake ciki. Baiti ɗaya, shafi ɗaya. Sai dokar da ya fi ji da ita: ana jera baitoci ne yadda suka iso hannunsa. Wanda ya fara kawowa shi ne a shafin farko, wanda ya makara shi ne a shafin ƙarshe, wato bayan mujallar. Akwai wani babban ma'aikaci da ya ga nasa a bayan na mai sayar da rake, ya zo yana huci. Malam ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mai rake ya riga ka tashi."

Wannan dokar ce ta jawo mana abin da nake tsoro yau.

Wata bazara Baba Audu, da yake mujallar a hannunsa take ƙarewa, ya kawo nasa a makare, ya faɗa shafin ƙarshe:

Zare ya ƙare,
rigar ango a rataye,
hadari a gabas.

Kafin fitowar damina ya rasu. Tsoho ne, ya daɗe yana tari, ba wanda ya kawo komai a ransa. Fitowa biyu bayan nan sai Inna Hajara ta Farin Dutse. Ita ba ta rubutu. Tana kaɗa nono take faɗa, Malam yana tsugune yana rubutawa. A wannan karon ruwa ya cinye hanya, bai kai gare ta ba sai da kowa ya gama kawowa. Nata ya ce:

Maraƙi ya ɓace,
uwar tana ta kallon
inda rana ke faɗuwa.

Ita ma ba ta ga fitowa ta gaba ba.

Ban san bakin da ya fara haɗa biyun ba. Na dai dawo daga tafiya na tarar magana ta cika teburin mai shayi: shafin ƙarshe yana ci. Mutane suka koma suna karanta baitocin nan biyu da sabon ido, wai ai ga shi nan sun faɗa da bakinsu, zare ya ƙare, rana ta faɗi. Ku zo ku ga rububi. Mutumin da a da sai Malam ya bi shi har gona yana roƙo, yanzu tun kafin shamuwa ta iso ya kawo baitin bazara. Wani ya kawo na damina gero bai ko tsiro ba, Malam ya ce ya koma sai ya ga ruwan da idonsa. Liman ya tara mu ya ce wannan camfi ne, rai da ajali na Allah ne, takarda ba ta kashe kowa. Duk muka ce gaskiya ne, Malam. Muna tashi kowa ya ruga gida neman biro.

Fitowar da ta biyo baya, da na buɗe bayan mujalla sai na ga sunan Malam Tijjani da kansa. Ya kafa sabuwar doka a ƙasan shafin: edita ne ke rufe ƙofa. Na tsokane shi na ce ashe son a ga sunansa ne ya motsa. Ya yi dariya ya ce ai mai gida shi ke duba sakata. Haka ya riƙa yi, fitowa bayan fitowa, shekaru huɗu ko fiye, lafiyarsa ƙalau, babur ɗinsa ma ya fi shi ciwo. Magana ta mutu. Mutane suka koma makararsu ta da, har ana yi wa juna dariyar wancan rububi.

Sai wata kaka. Ya rubuta:

An cire masara,
karan yana tsaye,
bai san an gama ba.

Ciwon ciki ya kama shi, aka kwantar da shi, kafin a gama shigar da amfanin gona ya tafi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. A wurin zaman makoki, ina ji da kunnena wani yana raɗa wa na kusa da shi: "Na uku ke nan." Ba wanda ya tuna shekarun da ya yi a shafin nan yana cin tuwonsa lafiya. Ni na tuna. Amma tunawar ba ta hana ni tsorata ba.

Mujallar ta faɗo hannuna, don tafiya ta fara gajiyar da ni, na buɗe shago na zauna. Dokar tana nan, edita ne ke rufe ƙofa. Sai na yi mata dabara irin ta 'yan kasuwa: na bar shafin fari, na ce girmamawa ce ga marigayi. Kowa ya yaba. Har wani ya ce farin shafin nan shi ne baitin da ya fi duka. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Zai yi mamakin yadda baitoci ke zuwa ta waya, daga Dutse, daga Kano, har daga yaranmu da ke karatu a ƙasashen waje, kowanne da lokacin isowarsa a jiki, ba gardama. Zai yi faɗa da masu turo ashirin a zama ɗaya, ya ce idonka guda nawa ne. Zai ji daɗin ganin mata sun fi maza yawa a ciki. Zai damu da yadda yanayin da ya gina mujallar a kai ya rikice, ruwa ya ƙi zuwa lokacin da ake jiransa, in ya zo kuma ya zo da fushi ya kwashe gona da katanga. Baitocin damina na yanzu, rabinsu fargaba ce. Amma na san inda zai fara dubawa. Zai juya bayan mujallar, ya kalli farin shafin, ya kalle ni ta saman tabarau. Wannan kallon ya fi zagi.

Abin da ya tayar da maganar bana shi ne Safiya, 'yarsa ta biyu, malamar firamare ce, tana aure a Unguwar Ya. Ita ta ce in rubuta wannan, har da sunanta. Ta gaji idon ubanta, ta gaji taurin kansa. A da tana cikin masu fara turowa. Wannan fitowar ta damina na jira, na jira, shiru. Sai da na rufe karɓa, na sanar a zauren waya cewa an gama, sannan nata ya shigo:

Hadari ya haɗo,
na kwashe shanya,
na bar zani ɗaya.

Safiya tana ɗauke da juna biyu, wata ya kusa. Haihuwarta ta baya da ƙyar aka sha, sai da aka ƙara mata jini. Ina ganin saƙon nan ban ɓata lokaci ba. Na rufe shago na hau babur ɗin haya har gidanta.

Na ce, "'Yar Malam, kuskure aka yi, ko? Zan sa ki a tsakiya."

Ta ce, "Baba Lawan, yaushe aka fara sa na ƙarshe a tsakiya? Ko dokar ta bi Malam kabari ne?"

Na ce ai shafin na marigayi ne, girmamawa ce.

Ta ce, "Girmamawa? Duk fitowa sai na juya in ga shafin ubana fari kamar likkafani. Ɗalibaina suna tambayata me ya sa, in ce musu me? In ce manyan garin nan takarda suke tsoro? Baba, kai da ka ce ka kwana a sahara motarku ta lalace, kana ba su labari har suka manta da ƙishirwa?"

Na ce, "Wannan sahara ce, ana ganin iyakarta."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Sannan ta ce bana dai shafin nan ba zai fita fari ba, ta gama magana.

Na san camfi ne. Wallahi na sani. Na san in Allah ya ƙaddara wa mace wahalar haihuwa, ba ruwansa da inda aka ɗinke baitinta. Amma ku sa kanku a wurina. In na buga, wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli mijinta da 'ya'yanta? Da wane baki zan ce wa garin nan daidaituwa ce kawai, karo na huɗu? Kwanakin nan ko wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Na tafi wurin mahaifiyarta, Hajiya Uwani, don ta tsawata mata. Na same ta tana tsince wake. Ta saurare ni har na gama, abin da ba kowa ke iyawa ba.

Ta ce, "Alhaji Lawan, kana tsammanin abokinka bai ji tsoro ba? Ranar da ya fara sa kansa a shafin nan, tuwo ko loma bai kai ba. Washegari ya bi 'yan'uwansa gida gida yana neman gafara, suna tambayarsa ko Makka za shi."

Na ce to me ya kai shi, shi da bai yarda da camfi ba?

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Wa ya makara a wannan fitowar? Wa yake Kwatano, ya aiko da nasa ta hannun direba bayan kowa ya kawo? Ya ce mini, Uwani, Lawan kullum yana kan titi. In na sa shi a nan, ba zan iya barci ba sai ya dawo."

Na koma gida na binciko tsohuwar fitowar. Ga baitina nan, wani shirme a kan jirgin ruwa, a shafi na biyun ƙarshe. Na sha ganinsa. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa nake nan ba.

A da ina cewa abin da Malam Tijjani ya bari shi ne mujalla, da ɗabi'ar tsayawa a kalli karan masara har a ga wani abu a jikinsa. Waɗannan suna nan, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne a garin da kowa ke sauri. Amma yanzu na ga dokar nan ta rufe ƙofa ita ce gadon. Ni na ɗauka mutum ne da ba ya tsoro, shi ya sa na yafe wa kaina, na ce ni ba irinsa ba ne. Ashe irina ne sak. Ya tsorata kamar yadda na tsorata, ya kasa cin tuwo, sannan ya ɗauki biro ya tsaya a bayan abokinsa.

Fitowar damina tana wurin ɗinki yanzu haka, a hannun jikan Baba Audu da ya gaji keken. Baitin Safiya yana shafi na biyun ƙarshe. Na kira ta na faɗa mata, ta ce, "Au, ashe editan yana nan." Ina jin dariyar uwarta a bayanta, har na fara zargin su biyun sun san abin da suke yi tun farko.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron ya tafi ba. Ina da hawan jini, likita ya ce in rage gishiri da surutu, na rage gishiri. Jiya na tsinci kaina ina kiran wani ƙanena da muka daɗe ba ma shiri, ina tambayarsa lafiyar yara. Ku taya Safiya da addu'a Allah ya sauke ta lafiya. Ku yi wa Malam Tijjani addu'a. In da saura, ku sa da ni. Ga abin da za ku gani idan kun juya bayan mujallar, na rubuta shi ne a tashar Gwaram, yayyafi yana sauka, kuma da idona na gani:

"Saura mutum ɗaya!"
Ɗan kamasho yana kallona,
ina gyara takalmi.