Wanda Aka Gani Bisa Soro

Yanzu kusan duk katangar da ta raba gida da gida a unguwarmu tana da 'yar ƙofa, har yara na zaton da ita aka gina birnin. A da babu. Kowa da zaurensa, abin da ke bayan zaure kuwa ba a gani. Nufawa masaƙa na gabas da mu, marina na yamma, Barebari da Zabarmawa a tsakani. Na zauna Agadas da Kukawa, na kai Gadamas, ban ga inda harsuna suka cushe a lungu ɗaya kamar namu ba.

A tsakiyarmu akwai tsohon soro, tun ana ɗora ganuwa aka gina shi. Azararsa ta yi baƙi ƙirin, kuma shi kaɗai ke da matakala zuwa rufi. Wani Balaraben Gadamas mai fataucin alharini ya tare a ciki da iyalinsa.

Wata rana bayan la'asar, maƙwabcinsa, babban marini, ya ɗaga kai ya ga mutum a rufin soron, lulluɓe da farin mayafi, yana leƙen tsakar gidansa inda mata ke daka. A Sakkwato ko magini zai hau rufi, sai an yi shela mata sun shige ɗaki. Kafin in fito, marina sun cika ƙofar Balaraben, hannuwa shuɗi, wasu da muciyar rini, ɗaya da gatari.

"Hito ka hwaɗa muna wanda ya hau!" in ji marinin. "In ba haka ba, yau ka bar unguwag ga."

Balaraben na tsaye bakin zaure, Hausarsa ta kasuwa ta gudu. Mai unguwa ya dube ni. "Malam, kai ka jin maganassu. Tambaye shi."

Na tambaye shi da Larabci. Ya ce, "Ba namiji ne ya hau ba." Ya kau da fuskarsa.

Nan na gane. A Gadamas rufin gidaje na mata ne, nan hanyarsu, nan suke ziyara, namijin da ya hau shi ne mai laifi. Matarsa ce. Amma ya gwammace a doke shi da ya ambace ta gaban taro, ni ma in na faɗa na tozarta shi.

"Mi ya ce?" in ji marinin.

"Ya ce ba namiji ba ne."

"To aljani na? Aljani mai mayahi!" Mai gatari ya matso har kafaɗarsa na gugar tawa.

Na hangi mahaifiyar marinin a bakin ƙofarsu. Na ce, "Inna, ke ka iya shiga inda ba mu iyawa." Ta ratsa mazan da sandarta ta shige soron. Muka tsaya. Ba wanda ya aje abin hannunsa.

Da ta fito, ɗanta ta fara duba. "Baƙuwa ta, ɗiyar mutane. Tun da ta zo ba ta ga huskar mace ba. Ta ji daka, ta hau ta gaisa."

"Inna, gidana dai an gani."

"An gani. Mace ta ga mata."

Ya sunkuyar da kai, amma ya kafe sai an rushe matakalar, don gobe wani baran gidan na iya hawa. Na fassara. Balaraben ya yarda, sannan ya ce mini a hankali, "To ina za ta ga mutane?"

Na mayar da Hausa. Tsohuwar ta karɓe gatarin, ta ƙwanƙwasa katangar da ta haɗa gidajen biyu. "Nan."

Washegari magini ya rushe matakalar, ya huda katangar. Nufawa suka huda tasu, Barebari suka bi. Tun daga ranar ba a sake hawa rufin soron ba, matan unguwarmu kuma ta cikin gidaje suke ziyartar juna.